Gidan da Inna Ta Koya da Yatsa

Yayata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ban san wanda ya fi ta gane inda bango zai tsaya da inda zai faɗi ba. Shekara bakwai ta ba ni. Ita ce ƴar fari a ɗakinmu, ni ne na ƙarshe, kuma har yau da furfura ta cika mini kai Auta take kirana.

Muna yara a ƙauyenmu, can bayan Kalfu, wasan rani shi ne gini. Gidan ashana muke nema, mu zare ɗan akwatin ciki, mu ɓalle gindinsa, ya zama abin buga tubali. A ɗebo jar ƙasa daga bakin tabki, a kwaɓa, a cika, a shafe da yatsa, a ɗaga a hankali. Kwali ba ya jure ruwa, kafin a buga goma ya yi laushi ya mutu, saboda haka duk matar da ashanarta ta kusa ƙarewa a unguwar muna sane da ita.

Mu maza gaggawa ce da mu. Tubali bai gama shan iska ba mun ɗora shi, kafin la'asar mun tayar da bene mai hawa uku, kafin magariba ya zauna. Ba ma damuwa, rushewar ma tana cikin wasan. Yaya kuwa sai ta tankaɗe ƙasarta, ta zuba mata ƙaiƙayi, ta jera tubalan a inuwa yini guda, sannan ta kai su rana kwana biyu. In ta zo gini ba ta ɗora tubali kai da kai, kowane ɗaya sai ya hau biyu. Tana yin azara da tsinke, ta rarake karan dawa ta yi indararo. In ta gama sai ta cika buta, ta tsaya ta gabas inda hadari ke fito mana, ta tsiyaya wa ginin ruwa tana kallon inda zai bi.

Wata rana hassada ta ci ni na sa wa ɗakinta ƙafa. Na tsaya ina jiran duka. Ita kuwa durƙusawa ta yi tana duban ɓarnar, ta juya wannan gutsure ta juya wancan, ta ce ai kusurwar ce ba ta ɗaure ba, gara da na nuna mata. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Tana da shekara goma sha biyu gwaggonmu ta ce wasan ya isa haka, budurwa ba ta yini da laka a hannu. Yaya ba ta yi musu ba. Ta tattara mini gidajen ashanarta guda shida ta koma ga turmi da rijiya. Na bar su a waje raɓa ta cinye su.

Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko. Daga nan birnin Tawa, daga nan aikin ofis, aure, ƴaƴa. Wata shekara na ga wasu ƙananan bulo na roba a shagon wani ɗan kasuwa, ja da shuɗi da rawaya, masu ƙusoshi a kai da ke maƙale juna, na saya wa yarana. Na ce nasu ne, kuma da gaske nake a lokacin. Amma akwai ƴar takarda a cikin kwalin mai nuna yadda ake ɗora kowane ɗaya, mataki bayan mataki, kuma ni mutum ne da in ya ga takarda sai ya bi ta. Na karɓe kayan don in nuna musu, na wuni ina nunawa. Da gidan ya tashi daidai da hoton sai na ɗora shi kan kabad na hana kowa taɓawa. Matata ta ce ba ta taɓa ganin uban da ya saya wa kansa kayan wasa da sunan ƴaƴansa ba sai ni. Yaron da ba ya iya jiran tubali ya bushe ya girma ya zama mai gadin gidan roba, yana kaɗe masa ƙura ranar Lahadi.

A can ƙauye kuwa idon Inna, mahaifiyarmu, yana tafiya a hankali, har ya tafi gaba ɗaya. Mijin Yaya ya rasu, ƴaƴanta maza suna cin rani a Abijan, sai ta dawo gida ta zauna da ita. Makanta ba ta kwantar da Inna ba. Shigifarta, wato ɗakin ƙasa mai rufin azara da mahaifinmu ya gina mata, ta san shi da tafin hannu. Ta san taki nawa ne daga gado zuwa randa, daga ƙofa zuwa bayi, daga bayi zuwa gindin bedi, wato dogon yaro, inda take shan hantsi. Ba ta neman a riƙe ta, wanda ya gwada ma sai ta ture hannunsa.

Sai wata damina ruwa ya canja hanya ya riƙa kwanciya a gindin bangonta na gabas. Da kaka na zo na tarar da tsaga wadda hannuna ke shiga har wuyansa. Maginin garin ya duba ya ce ɗakin ba zai ga ƙarshen wata daminar ba, kuma gyara ba zai yi ba tunda wurin ya zama makwancin ruwa. Sai dai a yi sabo a kan tudu, ɗaya gefen gidan.

Inna ta ce ba ta san zancen ba. Na ce to ta biyo ni Tawa, akwai ɗaki, akwai lantarki, akwai famfo.

Ta ce, “Lantarki mi za shi yi mani, Auta? Nan na san inda komi yake. In kunka ɗauke ni daga ɗakin ga, na zama kaya, sai inda anka aje ni.”

Na ce bangon zai faɗo mata.

Ta ce, “In ya hwaɗi, cikin ɗakina ya iske ni.”

Na koma Tawa da tsoro a cikina. Na sa wani abokin aikina ya zana mini sabon tsarin gidan a takarda, da layuka da lambobi, na kawo ina alfahari. Sai da na shimfiɗa ta a kan tabarma na tuna wadda na kawo wa ba ta gani. Yaya ta dube ni ta dubi takardar, na naɗe abata. Mako na gaba na sauko da gidan roba daga kan kabad, na wargaza shi da hannuna, yarana suna kallona kamar sun ga sabon uba. Na haɗa ɗan ɗaki na kai ƙauye na sa wa Inna a cinya.

Ta shafa shi ta ko'ina, ta ce, “Wanga abu duk haƙora ne gare shi. Ina bango, ina bisa?” Ta kai shi hanci ta shinshina, ta miƙo mini. “Allah shi yi maka albarka. Maida ma yara kayansu.”

Yaya na tsinke zogale a gefe. Sai da zan tafi ta ce in aiko mata da gidajen ashana, ko nawa na samu. Na ɗauka wuta take son kunnawa, na aiko da ƙunshi guda cike da ashana. Ta juye tsinkayen a gwangwani ta riƙe kwalayen.

Bayan mako uku na dawo na tarar da tsohon ƙyauren ɗaki kwance a gindin bedi, an shafe shi da ƙasa, kuma gidanmu gaba ɗaya yana kansa. Na durƙusa ina kallo. Ga zaure, ga rumbu biyu, ga turken awaki, ga madafa, ga bayi, ga bedin kanta an yi ta da ɗan reshe. Mace mai shekara sittin da wani abu, wadda rabonta da wasan nan tun kafin in yi wayo, ta buga tubali ɗaya bayan ɗaya tsakanin daka da wanki. Ɗakunan ba su da rufi, don yatsa ya samu shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sabon gidan ta fara ginawa ba. Tsohon ta gina, yadda yake, har da tsagar bangon. Ta kama hannun Inna ta ɗora a bakin zaure ta sake ta. Yatsan Inna ya shiga, ya karkata hagu, ya wuce rumbu, ya tsaya a ƙofar shigifarta. Ya shiga ya taɓa gado, ya taɓa ƴar randar da ba ta fi goriba ba.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma cika yi mata magana kai tsaye in da mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Ni ta juyo wa ta ce, “Ce ma waccan rumbun ga ya cika kusa da awaki. Ba haka yake ba.”

Yaya ta je ta auna da ƙafa, ta dawo ta ce Inna ce da gaskiya. Ta jiƙa gindin rumbun ta matsar da shi. Fuskarta a ranar ta fi ta wanda aka yi wa kyautar doki.

Daga nan ta bi abin a sannu. Ba ta taɓa ce wa Inna ga sabon ɗakinki ba. Wata rana dai yatsan ya iske harsashi a kan tudu, Inna ta tambaya, aka ce wurin ajiye kaya ne ake tunani. Bayan kwana biyu bango ya kai rabi. Inna ta ce duk wanda ya sa ƙofar nan ta dubi gabas bai san ruwa ba. Yaya, wadda ta san haka tun tana ƴar shekara takwas, ta ce ai kuwa an yi kuskure, ina ya kamata ta duba? Inna ta ce kudu. Aka mayar da ita kudu. Ta ce ɗakin ajiya ma yana son alkuki a bango, inda za a ɗora fitila. Aka yi alkuki. Ta ce in da ita ce, randa dama da shiga za ta sa. Kowace safiya bayan ta sha fura sai ta ce a jawo mata ƙyauren, ta yi ta zirga-zirga da yatsa daga ɗakin zuwa bayi, daga bayi zuwa bedi, tana gyara wa Yaya aiki. Ban sani ba ko Inna ta gane dabarar tun farko. Ina jin ta gane, ta bari ne a bi da ita ta hanyar da ba za ta ji kunya ba.

Ni aikina a wannan rani bai wuce kawo azara da hayar amalanken ruwa ba. Magini ya zo da igiyarsa, ya tarar da mace tsaye a kansa da ƙaramin gida a kan ƙyaure. Da farko abin dariya ya ɗauke shi. Da ya tashi ɗaga ƙofar don ta yi daidai da na zamani, Yaya ta ce a'a, tsawon tsohuwar za a yi, domin Inna tana ɗaga hannu ta taɓa saman ƙofa kafin ta shiga, da haka take sanin ta iso. Ya yi gunaguni ya rage. Kafin a kai ga rufi na ji shi da kunnena yana tambayarta ta ina take ganin ya kamata indararo ya zubar.

Aka gama, aka yi yaɓe, ɗaki ya bushe. Zafi ya kai inda yake kaiwa, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Inna ba ta ce za ta koma ba, kuma Yaya ta hana ni tambaya. Kullum ina Tawa ina duban sama, in na ga gajimare sai abinci ya fita raina. Na kira Yaya a waya na ce mu ɗauke ta da ƙarfi kawai, ta yi fushi ta huce. Ta ce, “Auta, in munka ɗauke ta, ɗakin namu ne. Bari ta tahi da ƙahwarta.”

Ranar wata Asabar na iso da azahar, iska tana ɗauke da ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Inna na zaune a gindin bedi. Mun gaisa, ta ɗaga kai ta ja iskar da hanci. Can ta ce in ce wa waccan ta kai gado da randa. Yaya ta ce tun jiya akwai wata randar a can, cike.

Inna ta miƙe. Na kai hannu, Yaya ta riƙe mini riga ta baya. Muka bi ta a hankali. Ta bar bedin a bayanta, ta wuce rumbu tana shafa shi da gefen hannu, ta hau ɗan tudun, leɓɓanta suna motsi. Sau ɗaya ta tsaya, sai ta karkata kaɗan ta ci gaba. Ta ɗaga hannu, saman ƙofar yana nan inda ta nema. Ta shiga.

Na bi ta da sauri, na manta da gajartar ƙofar, goshina ya gaisa da ita. Ga zafin karo, ga shi na fito daga hasken rana, ban ga komai a ciki ba sai baƙi. Na tsaya ina lalube, ban san ina zan sa ƙafa ba.

Sai na ji hannunta ya kama wuyan hannuna.

Ta ce, “Yi a hankali, Auta, ba ka san ɗakin ba. Akwai randa dama gare ka. Taho nan ka zamna.”