Yadda Inji Ya Naɗa Ni Likitan Dabbobi

Duk abin da ya same ni bara ɗan gwaggona ne ya jawo, ko da yake shi bai san ya jawo ba. Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato a wasan gidanmu ni ne ubangidansa, duk da ya ba ni shekara bakwai. Tun ina rarrafe nake kiransa bawana yana amsawa. Sai ya je ya yi kwas ya dawo malamin dabbobi, yana yawo a karar Illela, kasuwar dabbobi, ran Lahadi da farar riga da akwatin allura. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wasiƙar da ta fara zuwar masa.

Wata 'yar jarida ce ta ma'aikatan lafiyar dabbobi, duk wata sai ta zo: wace cuta ta ɓulla a ina, wane magani ya fito, wa aka ƙara wa girma. Sunansa a bayan ambulan ba hannu ya rubuta ba, inji ne ya buga a 'yar farar takarda aka manna. Ya ce sunayen masu karɓa duk suna cikin injin, wata na kamawa sai ya tofo su, ba mai tuna masa.

Akwatin gidan waya ɗaya ne a unguwarmu, na kakanmu. Masinjan sakatariya ke ɗauko wasiƙu ya kawo zaure bayan la'asar, lokacin da dattawa suka cika tabarmi. Tun ina aji ɗaya na sakandare ni ke zama a damar Kaka ina karanta masa duk abin da ya zo. Da jaridar nan ta fara zuwa, sai Kaka ya dinga ture ni da gwiwa.

"Matsa, matsa, ba wa mai inji wuri."

Bawana ya zauna a gurbina yana fassara, dattawa na gyaɗa kai kamar ana tafsiri. Ni kuwa ina can bakin ƙofa tare da takalma. Na rantse har takalman sun fara gane ni.

Ran nan ya manta jaridar a zaure. Ina buɗewa sai wani kati ya faɗo: wanda ke son a sa shi cikin jerin, ya rubuta suna da adireshi da matsayinsa. Na sa Dakta a gaban sunana. A wurin matsayi na rubuta babban likitan dabbobi na Illela da Kalmalo da Tozai. Na so in ƙara da rabin ƙasar Nijar, layin ne ya ƙare. Na lashi kan sarki na manna na jefa.

Wata biyu ina jira. Na rame har innata ta fara jiƙa mini maganin shawara. A na uku masinja ya zube ambulan biyu iri ɗaya a gaban Kaka. Wani tsohon akawun kotu, abokin Kaka, ya ɗauki ta biyun ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, har da Tozai.

Kaka ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe muna da babba cikin gida, munka tsaya wahala da ƙarami. Ɗan mace, tashi ka ba Dakta wuri."

Bawana ya tashi har da rusunawa. Ni duk na ɗauka da gaske ne. Na harɗe na buɗe jaridata. Turancin ciki kuwa kowace kalma ta kai tsawon igiyar guga. Inda na gane na faɗa, inda ban gane ba na ƙaga. Kwana huɗu ina Dakta. Ko tafiyata ta sake.

Rana ta biyar da hantsi ina zaure da Kaka, sai ga wani mutumin Gidan Katta ya turo amalanke, rago kwance a kai, cikinsa ya kumbura tim, yana nishi. Ya ce malamin dabbobi yake nema. Kaka ya raɗa wa wani maƙwabci magana, maƙwabcin ya fita, sannan Kaka ya nuna ni.

"Ka yi sa'a, ga babban nan."

Mai rago ya dube ni tun daga silifas har kai. Na zagaya amalanken sau uku, hannu a baya. Na ƙwanƙwasa cikin ragon, ya amsa kamar ganga.

"Mi yac ci?" na tambaya, da murya irin ta manya.

"Gero, likita. Buhu ya samu buɗe, yac ci har ya gaji."

Na shiga buɗe jarida. Ta wannan watan daga farko har ƙarshe maganar kaji ce, sai hoton wani mai gemu da ya yi ritaya. Na koma farko na sake bi, kajin suna nan.

"Likita, jibi suna," in ji mutumin. "Ɗana na fari. Wanga rago shi kaɗai gare ni."

Nan dariyar da ke cikina ta mutu. Ragon ya miƙe wuya, idonsa ya juye. Na ce, "Kaka, a kira bawana."

"Wa?"

"Malamin dabbobi."

"Ƙaramin? Ina shi ina aikin da ya gagari babba?"

"Kaka, don Allah. Shi ne babba. Ni ban san komi ba, kati na cika."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

Na maimaita har masu wucewa suka tsaya. Sai ga bawana ya shigo da kwalbar man gyaɗa a hannu. Ashe shi Kaka ya aika a kira tun farko, yana laɓe bayan zana, kuma ya ji komai. Bai ko dube ni ba. Ya sa aka tayar da ragon, ƙafafun gaba bisa dakali, ya ce, "Ubangidana, riƙe ƙaho." Ya ɗura masa mai a hankali, ya yi ta murza cikin ta hagu. Can ragon ya saki wata gyatsa a fuskata wadda na tabbata an ji warinta a ƙetaren iyaka. Kafin azahar yana tsaye yana neman abin ci.

Mai rago ya riƙe hannun taubashina da hannu biyu yana ta sa masa albarka, shi da iyayensa da kakanninsa. Na lura kakannin nan nawa ne ni ma, amma ban ga an waiwayo ni ba.

Da la'asar bawana ya koma damar Kaka, ba wanda ya ce in matsa, da kaina na matsa. Da zai tafi ya ce in ina son in gane abin da ke cikin jaridar, in same shi kara ran Lahadi in riƙe masa shanu. Na ce ubangida ba ya yi wa bawansa aiki, kowa ya ji.

Ran Lahadi tun kafin ya iso ina can. Makiyaya suka yi ta kiransa likita, likita. Ina riƙe da wutsiyar wani bijimi ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya, kafin a kira azahar.