Dawar da Baffa Ya Kawo Daga Kudu

Har yau in aka sare ɗanyen kara kusa da ni, ƙamshin sai ya tsinka mini zuciya. Kai mai karatu, wataƙila abincin awaki kawai kake gani. Ni kuwa shekarar da ta biyo bayan fara nake tunawa, ina ƴar shekara takwas a ƙauyenmu na kwarin Buza.

Fara ta cinye gonaki, mu kuma yunwa ta sa muka cinye irin shuka. Ana cikin haka ƙanen babana, wanda muke ce wa Baffa, ya dawo daga cirani a ƙasar Gwari da jaki ɗauke da taiki biyu na dawa. Ƙwayarta manya, farare tas. Baffa akwai baki. Ya ce can ƙasar kore ce rani da damina, mutum kan ɓace cikin ciyawa da sandarsa. Maƙwabta suka tafi Allakaye roƙon ɗan geron iri wurin dangi, babana kuwa ya ce Baffa ya hutar da shi wannan tafiya.

Kakata ce kaɗai ta juya ƙwayar a tafin hannu ta yi tambaya.

"Wagga dawa, wata nawa taka shan ruwa can inda ka ɗauko ta?"

"Inna, ai can ruwa ba shi ƙarewa," in ji Baffa.

Kowa ya ce madalla, har da ita. Mun ɗauka albishir ne.

Ruwan shuka na sauka muka zuba dawar duka, ina bin babana ina rufe rami da diddige. Dawa ta tashi kamar ana jan ta da igiya. Masu wucewa kan tsaya su yi ta kallo, ni ko ina ta yi wa ƴan matan unguwa gori da ɗan guntun geronsu. Geron nan ya fid da kai, ya nuna, suka fara tumu. Tamu tana ta ƙara tsawo, ko ciki ba ta yi ba.

Sai ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da ya saba ɗaukewa. Ba fari aka yi ba, shi ya sa ba mu da bakin kiran jama'a roƙon ruwa. Kullum la'asar babana kan hau tudu ya zura wa gabas ido. Ni da innata muka yi ta ɗibar ruwan rijiya da tulu muna zuba wa gindin kara, ƙasa na shanyewa kafin mu juya baya. Na yi kuka, na gaji, na daina.

Ƙarshe muka sare ta ɗanya, Fulani suka ba shanu, suka ba mu nono. Ƙanwata da ake yaye ba ta kai bazara ba. Baffa ya kora jakinsa kudu, bai sake tako garin ba.

Kwanan baya jikata ta zo daga lakwal, wato makarantar boko, da taswirar duniya, an shafa mata launi iri-iri. Ta ce iskar teku ce ke ɗauko ruwa, kafin ta iso mu ta zubar da mafi yawansa a hanya, don haka kowace ƙasa da tsawon daminarta. Wai ƴan ƙananan aji ma sun san wannan. Na ce ta nuna mini inda Baffa ya ɗauko dawar, da inda muka shuka ta. Ta nuna. Na ɗora yatsana a tsakani, ya rufe wurin duka.