Rufin Zaurenmu a Kan Matashi

Tun ina budurwa littattafan soyayya suka gama da ni. Na karanta su a bayan aji, na karanta a gindin murhu har tuwo ya kama, na kuma yanke wa kaina cewa mijin da zan aura sai ya iya zuba kalamai kamar samarin cikinsu. Sai Allah ya haɗa ni da mai zanen gine-gine. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Zariya, a zaure ake shimfiɗa masa tabarma. Zai gaishe ni, ya tambayi karatu, daga nan ya ɗaga kai ya ƙura wa rufi ido har a kira magariba.

Na aure shi, muka zo Landan, yara suka girma, ba abin da na rasa. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barin raina: mutumin nan ni ya zo gani a zauren, ko ginin?

Maƙwabciyata a unguwar Plumstead 'yar zangon Kumasi ce, ita ta ja ni ajin saƙa da ake yi a wani ɗakin taro na ƙaramar hukuma. "Hajiya, ka tashi mu tafi," in ji ta, "kana zaune a flat kana kallon taga kamar hoto." Leshi ake saƙawa da hannu. Za a ɗora kwali mai huje-huje a kan matashi mai tauri, a naɗa zare a 'yan sandunan katako, a riƙa gitta su ana kafa fil a kowace huda. Abin da ya fara sace zuciyata shi ne sandunan bibbiyu suke tafiya, babu wanda ke aiki ba abokinsa.

Malamarmu tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi. Ta ce masaƙan yanzu sun wuce fure da ganye, kowa ya fita ya zaɓo gini ya mayar da shi zare. Na hau bus zuwa Aldwych, na taka har Charing Cross, na tsaya a gadar masu ƙafa da ta ƙetare kogi ina kallon fararen wayoyin nan da suka riƙe ta, sun bazu kamar haskoki. Na zana su yadda zuciyata ta so, dogaye, kowanne shi kaɗai. Na yi makonni ina saƙawa. Ranar da na zare fil-fil ɗin, abin ya zube kamar taliyar da ta sha ruwa.

Maigida ya dawo aiki ya tarar da saƙar a kan tebur.

"Wannan fa, uwargida?"

"Gada ce."

"To Allah ya sa ba wanda zai hau."

Na ji haushi fiye da yadda wasan ya cancanta. "Ai kai ne masanin gini," na ce. "Ka shekara kana kallon rufin zaurenmu, ni ina zaune gabanka na sha kwalliya, ko oho."

Ya tashi ya je ya yi alwala. Zauren kuwa babu shi yanzu. Daminar da ta wuce ya tsage, yayana ya sa aka rushe shi aka yi shaguna na bulo, kuma ba wanda ya tuna ya ɗauki hoton rufin.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya ce in ba shi kwali da allura. Ya zauna kusa da taga ya sa tabarau, ina wanke-wanke ina satar kallonsa. Da ya gama ya turo mini. Ɗige-ɗige ne kawai da 'yan layuka, amma nan take na gane. Ga bakan gizo nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da suka taso daga bango suka gitta juna. Ga jerin azara a tsakaninsu. Har gefen gabas da ya ɗan karkace bai manta ba.

"Kin ga, kowane baka yana jingine da ɗan'uwansa," ya ce. "Gadarki kowane zare cin gashin kansa yake, shi ya sa ta faɗi."

"Wannan da'irar ta tsakiya fa?"

"Tasar tagullar nan ce da aka manna a inda suka haɗu. Baba yana sa a goge ta duk Juma'a."

"Har tasa ka haddace."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Idan na sauke kai na gan ki, duk maganar da na shirya tun daga Samaru sai ta gudu. A cikin tasar kuwa ina ganin mayafinki. Fuska ba ta fita, launi kawai. Jan nan kin fi sa shi."

Na tsaya riƙe da soso, kumfa na ɗiga a ƙasa. A littattafan da na karanta, nan ne saurayi zai durƙusa ya kama waƙa. Shi kuwa tambaya ya yi ko akwai sauran shayi a flask.

Na kai kwalin aji. Malama ta daɗe tana jujjuya shi, ta tambaya ko wane coci ne wannan. Na ce zauren babana ne. Duk hunturun a kansa na ƙare, sanduna na ƙwas-ƙwas a kan matashi, shi yana gefe yana karanta jarida, lokaci-lokaci ya leƙo ya ce zaren can ya yi sako-sako. Farin zare na yi amfani da shi, sai da na iso tsakiya na ɗauko ja.

Ranar cire fil na kira shi ya tsaya a kaina. Na cire su a hankali, daga gefe zuwa ciki, na ɗaga saƙar a tafin hannuna. Ba ta zube ba. Ya karɓa ya ɗaga ta sama da kansa wajen hasken taga, ya ɗaga kai yana kallo, daidai yadda yake yi a kan tabarmar nan.

"Wannan rufin kam za a iya zama a ƙarƙashinsa," ya ce.

Na bar shi ya yi ta kallo, na je na ɗora shayi.