Kabarin da Muka Tsallake

Har yau ban manta da ranar Talatar da aka sa ni na tsallake kabari ba. Lokacin ina haƙa a maƙabartar unguwarmu a Illela, ƙarƙashin kwamitin unguwa, saura 'yan kwanaki a yi zaɓen gwamna.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun san tsarin, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba su sani ba. Idan an yi rasuwa, ana aiko mana da karan dawa da aka auna tsawon mamacin da shi. Da shi muke haƙa babban rami, sannan ƙaramin na ciki. In an sa gawa sai a jera itace, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ana miƙo ta hannu zuwa hannu. Kuma a jere muke tafiya. Wanda ya zo, shi ke bin wanda ya riga shi. Wanda ya koya mini aikin ya gargaɗe ni da abu ɗaya: kada in bar kabari ya kwana a buɗe. Bai faɗi dalili ba, ni kuma na ji tsoron tambaya.

A shekarar, siyasa ta raba unguwar gida biyu. Masu goyon bayan gwamnati ba sa sayen nama wurin mahaucin 'yan adawa. Ni kuwa ina so in zaɓi gwamnan wannan ɓangare da ɗan majalisar wancan, don shi ya gyara mana rijiya, amma ban iya faɗa wa kowa ba sai Sahabi, abokina tun muna yara, dillalin albasa. Shi a fili yake faɗin irin wannan ra'ayi. Saboda haka kowane ɓangare na kiransa munafuki.

Ranar Lahadi muka rufe Alhaji Bube, jigon masu gwamnati. Ranar Talata aka aiko da karan Malam Ummaru, dattijon 'yan adawa. Na haƙa kusa da Alhaji Bube kamar yadda tsari yake. Ina cikin gyara ramin ciki sai ga Nasiru, babban ɗan mamacin, tare da shugaban kwamitinmu.

Nasiru ya nuna sabon tudun ya ce, "Wa ke kwance nan?"

Na ce, "Alhaji Bube."

Ya ce, "Ubana ba ya kwana kusa da wanga mutum."

Na ce, "Ɗana, nan ba a jefa ƙuri'a."

Shugaba ya ja ni gefe. "Mamman, matsa gaba ka haƙa wani. Ba ni son fitina a makon ga."

"To wanga fa, ranka ya daɗe? In mayar da ƙasa?"

"Bar shi. Ai ba a rasa mai shi."

Na haƙa wani. Aka rufe Malam Ummaru, jama'a suka watse, ramin ya rage a tsakiya da bakinsa a buɗe.

Ban samu natsuwa ba. Na rufa masa tsohon kwanon rufi, na ɗora duwatsu. Da safe na tarar da kwanon a gefe. Na ce iska ce, ko da yake duwatsun suna jere a ƙasa kamar an sauke su da hannu. Abin da ya fi damuna shi ne, daga Talatar nan ba a sake aiko da kara ba. Unguwar da ba ta cika kwana biyu babu jana'iza ba, sai ta yi tsit. Ko awakin da ke ratsa maƙabartar sai su kewaye wurin.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Sahabi ya biyo. Ya tsaya bakin ramin, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya yi dariya.

"Mamman, mi kaka tsoro? Ai gidana ne ka gina. Wa ke tsakiya a garin ga in ba ni ba?"

Na ce, "Ka tofar da yawu, Sahabi. Don Allah."

"In na tofar, wane ɓangare zai ce na tofa masa?"

Bai tofar ba.

Asabar, ranar zaɓe, aka rufe iyakar ƙasa, aka hana zirga-zirga. Babu motar Kwanni da ke tsallaken iyaka, babu jakunan 'yan ƙauyen Araba. Na sa katin zaɓe a aljihu, na ce bari in leƙa maƙabarta tukuna. Ina tsaye rana tsaka sai na jiyo hayaniya daga wajen makarantar da ake zaɓe, ta tashi, sannan ta yanke gaba ɗaya.

Can sai ga maƙwabcin Sahabi tafe da kara a hannu. Ya ce gardama ta ɓarke a kan layi, matasa suka ɗauki duwatsu, Sahabi ya shiga tsakani yana ɗaga hannu. Dutse ya same shi a ƙeya. Har yau ba a san daga wane ɓangare ya fito ba, kowa na cewa daga can ne.

Na sauka ramin da karan. Na auna. Na juya shi na sake aunawa. Ban ƙara ko yatsa ba, ban rage ba.

Bayan la'asar aka kawo shi. 'Ya'yan Alhaji Bube suka tsaya wajen kabarin ubansu, Nasiru da mutanensa wajen nasu. Ƙasar da na kwaɓa tana ɓangaren Nasiru, masu liƙe itacen kuma suna ɗaya ɓangaren. Aka yi cirko-cirko. Ina ƙasa, hannuna a sama, ina jira. Daga ƙarshe Nasiru ya sunkuya ya ɗebo, ya miƙa ta saman Sahabi, ɗan Alhaji Bube ya karɓa. Na ga tawadar zaɓe a farcensu duka biyun. Babu wanda ya dubi wani.

Ban yi zaɓe ranar ba. Katin ya wuni a aljihuna, ya jiƙe da gumi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba mugaye ba ne, amma a lokacin zaɓe ba sa ganin wanda ke tsaye a tsakiya sai ya faɗi. Ku kuma, duk wanda ya zo ya tambaye ku wa ke kusa da mamacinsa, ku ce masa wanda ya riga shi ne. Ko shugaba ne ya ce ku tsallake, ku ajiye masa shebur ya haƙa da kansa.