Surukan Yaya Sun Tura Mota

Jama'a, yau na ga sanyin da ya sa dattawa gumi!

Surukan yayana, Alhaji Sani, suka zo daga Furfuri. Ga rana, ga an ɗauke wuta a Damba. Yaya ya rantse sai sun sha iyakwandishan, kada a koma ƙauye a ce gidansa zafi. Baturan gidan na fitila da fanka ne, suka kasa tayar da injin iyakwandishan ɗin. Sai ya ciro na motarsa ya haɗa.

Na ce, "Yaya, na'urar nan za ta shanye shi."

Ya ce, "Kai dai tsaya ga aikinka na karanta labarai."

Ta tashi kuwa! Sanyi ya cika ɗaki. Mahaifin matarsa, Baba Liman, ya ƙudundune cikin babbar riga, kunya ta hana shi cewa a kashe.

Bayan la'asar, dole Yaya ya kai baƙinsa tasha. Ya mayar da batir, ya murɗa makulli. Shiru!

Su wa suka tura? Ni da surukai, har bakin titi!

Baba Liman ya share gumi ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. Sai yanzu jinina ya dawo."