Totuwar da Aka Ajiye Mini

A shekarar da 'yata ta fara koyarwa a jami'a, ta zo shagona na hatsi a Kubwa da wani dunƙulen baƙin abu a leda. Ta ce gawayi ne, amma ba na itace ba, da totuwar masara ta yi shi. Muka hura shi a kasko, ya kama da kyau, ba hayaƙi. Ta ce gwamnati ta amince za ta ba da kuɗin bincikenta, a sayi injin matsawa. Abin da ya rage mata shi ne totuwa mai yawa, kuma sai da kaka ake samunta.

Ni karatun allo na yi, lissafin shagona ma da ajami nake rubuta shi, ban san yadda kuɗin gwamnati ke tafiya ba. Na ji an ce "an amince", na ɗauka an gama.

Akwai wani manomi Bagwari a bayan gari wanda na daɗe ina sayen masara a hannunsa. Shi Kirista ne, amma idan azahar ta same ni a gonarsa, da kansa yake kawo mini ruwan alwala. Na roƙe shi ya ajiye mini totuwar bana duka.

Ya yi dariya. "Malam, ka tsufa ka koma sayen shara? Matata da ita take dafa tuwo fa."

"Ta yi haƙuri zuwa bayan Kirsimeti. Mota za ta zo ta kwashe, kuma a biya ku."

"Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

Ya tara ta a bayan rumbu, ya rufe da tsohon kwanon rufi. Kirsimeti ya wuce, azumi ya zo ya wuce. Matarsa ta koma sayen itace, alhali ga abin wuta a bayan rumbunsu.

Sau da yawa na raka 'yata wani ofishin gwamnati a Garki, bin sawun kuɗin. Mu bi layin bas tun da safe, mu zauna a benci har ƙafafuna su kumbura. Yau a ce oga yana taro, gobe a ce fayil ya hau sama. Ba wanda ya wulaƙanta mu, kowa da fara'arsa. Na ja carbi a bencin nan har na gaji da jin muryata.

Da ruwan farko ya sauka na kasa ci gaba da kauce wa hanyar gonar. Na tafi. Manomin ya ɗaga kwanon ya nuna mini. Gara ta shiga tun daga ƙasa, rabin tulin ya zama jar ƙasa.

"Me ya sa ba ku ƙona ba da kuka ga haka?" na ce.

"Ba ka ce a ƙona ba."

Matarsa tana tsaye a bakin madafa, ta gaishe ni. Na ce ta kwashi abin da ya saura. Na miƙa masa kuɗin itace, ya tura hannuna baya.

Da kaka ta sake zagayowa, 'yata ta zo da murna, wai an ce wannan karon kuɗin na dab da fitowa.

"Baba, ko za ka sake yi wa manomin nan magana?"

Na daɗe ina kallon buhunan masara. Ba laifinta ba ne, na sani, kuma gawayinta yana ci. Na ce zan raka ta gonar ranar Asabar in Allah ya kai mu, ta gaya masa komai da bakinta, har da bencin Garki. Idan ya juyo ya tambaye ni ko ni na faɗa, zan ce masa a'a.