Mumuni Mai Kuran da Benen Madam Akosiwa

A Zongon Lome aka haifi Mumuni, ɗan Malam Garuba mahauci. Kakansa ne ya zo daga Sakkwato da fataucin shanu, ya ga teku, ya zauna. Mumuni ya yi makarantar Faransanci da ta allo, ran Asabar kuma yana rumfar babansa, amma wuƙa ba ta karɓe shi ba. Da ya gama firamare sai ya ce shi aikin lantarki yake so, wanda a Zongo ake kira kuran. Malam Garuba bai ji daɗi ba, duk da haka shi da kansa ya kai shi wurin wani mai gyaran firji a unguwar Nyekonakpoe, da cinyar rago naɗe a takarda.

Mumuni ya ƙware a lokacin da kuɗin ma'adinin fosfat ya shigo ƙasa. Benaye na ta tashi, kowane ofis na son sanyi, in ba ranar bikin jam'iyya ba da ake rufe shaguna a tafi tarbar manyan gwamnati, hannunsa ba ya rabo da aiki. A shekarun nan aka rushe tsohon Zongo aka mai da mutane bayan gari. Mumuni da matarsa Asiyatu suka kwashi kwanon rufinsu suka bi jama'a. Kullum da safe yakan biyo motar haya ya wuce ta kangon tsohuwar unguwarsu.

Sai ga aikin Madam Akosiwa, wata attajira mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ta gina bene mai hawa shida don haya, an jera manyan injunan sanyaya ɗaki guda goma a kan rufin. Kamfanin da ta fara nema ya ce kowane inji sai an jawo masa wayarsa daga ƙasa har sama, ga tagulla ta yi tsada. Ta sa aka kira mata Mumuni.

Ya hau ya zagaya rufin, ya sauko ya same ta a kujerarta, suka yi magana da harshen Mina.

"Mama, ba sai mun ja waya goma ba. Guda ɗaya mai kauri za ta hau ta gefen matakala. A sama in kafa akwatin rabo a tsakiya, kowane inji da gajeriyar wayarsa da makunninsa. In ɗaya ya lalace, a kashe shi, sauran na aiki."

"Ɗana, in ta ƙona mini gida fa?"

"Ba za ta ƙona ba, Mama. Kuma a cikin bututu zan sa ta, don gishirin iskar teku."

Ta dube shi, ta ce ya fara.

Da damina aka yi aikin. Ana cikin ɗauri hadari ya taso daga teku, a rufe akwati da leda a ruga. Yakan koma gida hannu duk yanka, Asiyatu ta gasa masa da ruwan zafi tana yi masa faɗa.

Ran gwaji Madam ta gayyato masu son haya. Mumuni ya ɗaga babban makunni. Injuna suka yi gurnani gaba ɗaya, sai ɗif, wutar gidan duka ta ɗauke. Ya sake ɗagawa, aka maimaita. Baƙi suka fara zamewa. Madam ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ka ba ni kunya a gaban mutane."

Ya koma rufin ya zauna a gindin akwatin, zufa na bin bayansa. Ya bi waya ya taɓa, ba zafi, ba wani ɗauri da ya kwance. Sai ya kunna inji ɗaya shi kaɗai yana kallon allurar ma'aunin wuta. Ta yi tsalle har ƙarshe, ta dawo ta kwanta. Nan ya gane inda lissafinsa ya gaza. Inji na zuƙar wuta da yawa wajen tashi, in ya kama gudu sai ya sassauta. Goma ne suka tashi tare, shi ya sa makunnin ya yanke.

Washegari ya tafi tashar jiragen ruwa wurin amininsa Sulemana, mai kula da ɗakunan sanyin kifi. Sulemana ya nuna masa wasu 'yan na'urori masu jinkirta tashin inji, ya raka shi inda ake sayarwa. Mumuni ya ɗaura wa kowane inji ɗaya, ya saita su bi da bi.

Wannan karon shi da Madam kaɗai ne a rufin, don ta ce sai ta gani da idonta, ta hau tana haki. Ya ɗaga makunni. Na farko ya tashi, ya daidaita, na biyu ya biyo, har na goma. Fitilun matakala ko ƙiftawa ba su yi ba. Da suka sauko hawa na ƙasa, sanyi ya riga su. Madam ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ta aika aka kawo turmin atamfa, ta ce a kai wa matarsa. Asiyatu ta ɗinka ta sa ran wani suna, duk wadda ta yaba sai ta ji labarin benen daga farko.

Daga nan masu manyan gidaje suka san hanyar sabon Zongo. Ya yi irin wannan aiki a rufin otal, ya yi na ɗakin magani, har Kwatano aka kira shi. Malam Garuba, da ake tambayarsa wa zai gaji rumfa, sai ya ce ƙanen Mumuni ya isa, shi Mumuni aikinsa a sama yake.

Da gwiwa ta fara hana shi hawa, sai ya buɗe shago kusa da masallacin Juma'a yana haɗa akwatunan rabo, waɗanda ya koya wa suna ɗauka su kafa. Ba ya barin akwati ya fita sai ya kunna shi a gabansa ya saurara.